Kowace Ƙasa Da Irin Kayan Ƙwalamarta: Daga Yajin Ƙuli Zuwa Dankali Mai Ɗanɗanon Kokwamba

Kamfanin PepsiCo yana soya dankalin Turawa a ƙasashe da dama, kuma yankan iri ɗaya ne ko'ina: siriri kamar takarda, a soya shi ya yi ƙamas, a zuba a leda mai ƙyalli. A Amurka sunansa Lay's, a Ingila Walkers, a Meziko Sabritas, a Masar Chipsy. In da za a kakkaɓe garin da aka barbaɗa masa, da wuya mutum ya ce ga na wannan ƙasa, ga na waccan. Garin nan kuwa shi ne abin da ake saye. A ƙasar Sin ana rububin mai ɗanɗanon kokwamba. A Rasha akwai na ƙaguwa da na jan ƙwan kifi. A Tailan akwai na ganyen teku, a Kanada na tumatirin kwalba mai zaƙi, a Jamus na garin jan tattasai marar zafi, a Indiya kuma na haɗin kayan yaji da suka sa wa suna Magic Masala. Ɗauki ledar Sin ka miƙa wa mutumin Meziko, zai ce ina barkonon, ina lemon tsamin? Ɗauki ta Meziko ka ba tsohuwa a Jamus, ruwa za ta nema.

Wannan ba son burgewa ba ne daga kamfani. Da zai yiwu a sayar wa duniya ɗanɗano ɗaya, da sun fi kowa murna, don ya fi musu araha. Dole ce ta sa su bin harshen kowace al'umma. Abin da na fahimta, bayan na daɗe ina bin wannan batu, shi ne kayan ƙwalam da maƙulashe tukunyar gida ce aka taƙaita. Abin da uwa ta saba jefawa a miya, shi ɗanta zai nema a leda ko a tiren mai talla, ko da bai san abin da yake nema ke nan ba.

Tarihin dankalin ledar kansa ya nuna haka. Har zuwa shekarun 1950 ba shi da wani ɗanɗano sai na mai da gishiri. A Ingila kamfanin Smith's yakan ƙulla ɗan gishiri a shuɗiyar takarda ya jefa cikin ledar, mai ci ya kwance ya barbaɗa da kansa. A 1954 wani ɗan kasuwa a birnin Dublin na ƙasar Ayalan, Joe Murphy, ya kafa kamfanin Tayto, shi da ma'aikacinsa Seamus Burke suka gano yadda za a sa garin ɗanɗano ya kama jikin dankalin. Da me suka fara? Cuku da albasa, wato abin da leburan ƙasar ya saba cusawa a tsakiyar burodi ya ci da rana. Daga baya gishiri da ruwan khal ya biyo, shi ma daga titi aka ɗauko shi, domin haka mutanen Ingila suke yayyafa wa soyayyen kifi da dankalinsu tun kaka da kakanni. Amurkawa kuma suka kwaikwayi miyar da suke shafa wa gasasshen nama. Babu wanda ya ƙirƙiro sabon abu. Kowa madafin gidansu ya leƙa.

To, ta yaya harshe yake koyon abin da zai so har abada?

Jariri ko na wace ƙasa ne da abu biyu yake zuwa duniya: son zaƙi da ƙin ɗaci. Ɗiga masa ruwan sukari, fuskarsa ta saki. Ɗiga masa abu mai ɗaci, ya yamutsa ta. Akwai ɗan bambanci na halitta tsakanin mutane, wani ya fi wani jin ɗaci, wani cikinsa ba ya karɓar madara in ya girma, amma wannan bai kai ya bayyana abin da muke gani tsakanin ƙasashe ba. Sauran duk karatu ne, kuma tun daga ciki ake fara shi. A 2001 wata mai bincike a cibiyar Monell da ke Philadelphia, Julie Mennella, ta wallafa sakamakon wani gwaji. An sa wasu mata masu tsohon ciki suna shan ruwan karas na makonni 3, wasu kuma suka sha lokacin shayarwa, wasu ruwa kawai. Da jariran suka isa fara cin abinci, aka dama musu kunu da ruwan karas. 'Ya'yan waɗanda suka sha karas ba su yamutsa fuska kamar sauran ba. Ƙamshin abin da uwa ta ci yana ratsawa cikin ruwan da ɗan tayi yake kwance a ciki, yana kuma fitowa a nono.

Duk lokacin da na tuna wannan bincike, ɗakin maijego ne yake faɗo mini a rai. Kwana 40 tana shan kunun kanwa, tana cin gasasshen nama da yajin jego wanda aka daka da citta da kimba da masoro da kanumfari, jaririn kuma yana kan cinyarta yana shan nono, hancinsa cikin wannan ƙamshi dare da rana. Yaron da aka raina haka, in ya kai shekara 7 ya tsaya gaban mai awara yana cewa a ƙara masa yaji, ai ba yau ya fara ba. Masu nazarin cin abincin yara sun ce sabon abu yakan buƙaci a ɗanɗana wa yaro shi sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓa. Yajinmu kuwa sau dubu nawa yaro ya shaƙe shi kafin ya yi haƙori?

Barkono ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya fi raba kan duniya a harkar ƙwalama. Zafinsa ba ɗanɗano ba ne irin na zaƙi ko tsami. Sinadarin da ke cikinsa yana taɓa jijiyar da aikinta shi ne ta gaya wa ƙwaƙwalwa cewa wuta ta taɓa ka. David Julius ne ya gano wannan ƙofa ta jijiya a 1997, kuma tana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2021. Wato mai cin barkono zafin ƙuna yake ji na gaske, sai dai babu ƙunar. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Paul Rozin, ya zauna a wani ƙauye na jihar Oaxaca a Meziko yana lura da yadda yara ke shiga cin barkono. Ba a tilasta musu. Suna ganin manya suna ci suna santi, ana ɗan lakata musu kaɗan-kaɗan, har ranar da za su miƙa hannu da kansu. Ya kuma gwada dabbobin ƙauyen da suka saba cin sauran abinci mai barkono, ya tarar ba su koyi sonsa ba, haƙuri kawai suke yi da shi. Mutum ne kaɗai yake mayar da zafi abin marmari, kuma a cikin jama'a yake koyon hakan.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne barkonon nan baƙo ne a wurinmu, baƙo ne a Indiya da Tailan da Koriya. Daga nahiyar Amurka ya fito, kuma sai bayan 1492 jiragen ruwan Turawa, musamman na Fotugal, suka yaɗa shi. Haka gyaɗa, haka rogo, haka masara, haka tumatir da dankali. Ke nan ƙuli-ƙuli da muke ganin babu abin da ya kai shi zama namu, gyaɗarsa daga Kudancin Amurka ta taso. Kafin zuwan barkono, masoro da kimba da citta ne suke ba miyarmu zafi, shi ya sa da ya iso ya tarar da harshen da ya riga ya san hanya, ya zauna daram. Awara ta fi kusa, a idon iyayenmu ta shigo. Asalinta abincin mutanen Sin ne, su kuma sau da yawa a laushinta suke cin ta, cikin romo. Da ta shigo hannun matanmu, sai aka tsoma ta a tafasasshen mai, aka fito da ita ja, aka barbaɗe ta da yaji, aka yanka mata albasa da kabeji. Yau yaron Kano ko na Maraɗi zai rantse awara tasu ce tun fil azal. Haka kowace al'umma take yi da baƙon abinci: ta sa masa rigar gida.

Rigar gidan Meziko abu uku ce, barkono da lemon tsami da gishiri. Su suke barbaɗa wa mangwaro da kankana da kokwamba da dafaffiyar masara. Akwai garin Tajín da aka fara sayarwa a 1985, wanda haɗin ukun nan ne kawai, akwai kuma Takis, naɗaɗɗen soyayyen garin masara mai jan yaji da tsami, wanda ya tsallaka ya kama yaran Amurka. Alewar yaransu ma ta tsamiya ce da barkono. A kasuwannin Oaxaca kuwa za ka ga mata zaune gaban manyan kwanduna cike da soyayyar fara, an yi mata gishiri da lemon tsami da tafarnuwa da barkono. Wanda ya taɓa sayen fara a Maiduguri ko a Yamai, in ya ga wannan zai ɗauka gida ya dawo. Tsakaninmu da su teku guda ne, ba mu haɗa harshe ba, ba mu haɗa addini ba, amma yarinyar da ke dangwala ɗanyen mangwaro a yaji a Zariya da takwararta ta can abu ɗaya bakinsu yake nema.

An yi ƙoƙarin bayyana wannan da yanayi. A 1998 wasu masu bincike biyu a jami'ar Cornell, Jennifer Billing da Paul Sherman, suka duba dubban girke-girke suka ce ƙasashe masu zafi sun fi zuba kayan yaji saboda yaji yana kashe ƙwayoyin cutar da ke ɓata nama. Maganar ta shiga kunne, don duk mai yin kilishi ya san aikin da labu yake yi wa nama bayan daɗi. Sai dai a 2021 wata tawaga daga Ostareliya ƙarƙashin Lindell Bromham ta sake auna batun da girke-girke masu yawa fiye da na farko, ta ce alaƙar ba ta tsaya da ƙafarta ba in aka lura da cewa maƙwabta suna koyi da juna, kuma al'ummomi suna gadon girki daga kakanni ɗaya. Ni na fi karkata ga wannan na biyun. Hanyar fatauci da auratayya da abin da gona take bayarwa sun fi ma'aunin zafin rana bayyana abin da ke cikin tukunya.

Harshen magana ma yana tona asirin harshen ɗanɗano. Hausa tana da kalmar garɗi, wadda ba zaƙi ba ce, ba maiƙo ba ce, abin nan ne da kake ji a soyayyar gyaɗa da aya da kantu da dakuwa da kindirmo mai kyau. Muna da bauri na goro da ɗanyar kanya, muna da maƙaƙi, muna da zartsi na ruwan wasu rijiyoyi. Al'umma ba ta raɗa wa abu suna sai ta damu da shi, kuma rabin kayan ƙwalamarmu garɗi ake nema a cikinsu. Mutanen Japan su ma suna da tasu kalmar, umami, daɗin nan na romo da yake cika baki. A 1908 wani malamin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tace sinadarin da ke ba da shi daga ganyen tekun da suke dafa romo da shi, shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda matanmu suke kira farin magi. Shi ya sa kayan ƙwalamar Japan suka cika da jatan lande da ganyen teku da busasshen kifi. Mu ma mun san wannan daɗi tun kafin a ba shi suna a Tokyo, domin shi ne aikin daddawa a miya. Mutumin da zai toshe hanci in ya ji warin daddawa, shi ne zai zauna ya ci tsohon cuku mai shuɗin ruɓa yana lumshe ido, alhali abin da bakinsa da namu suke bi ɗaya ne.

Ko zaƙin da kowa ya zo duniya da sonsa, kowace ƙasa da inda ta ja masa layi. Biskit ɗin Oreo ya shiga kasuwar Sin a 1996 da irin zaƙinsa na Amurka, ya yi shekaru yana jan ƙafa, sai da kamfanin ya rage masa sukari, ya ƙanƙanta ledar yadda kuɗinta zai sauko, sannan ya samu karɓuwa. A can in aka yaba kayan zaƙi, akan ce bai cika zaƙi ba. Mu kuwa da muka tashi da alewa da nakiya da alkaki da aka tsoma a zuma, ga shayin da cokali yake kusan tsayawa a ciki, layinmu yana can gaba.

Labarin KitKat a Japan ya nuna wani abu dabam, cewa wani lokaci al'adar kyauta ce take tuƙa ɗanɗano. A birnin York na Ingila aka fara yin wannan cakulan a 1935, kuma a yawancin duniya kala kaɗan gare shi. A Japan an fitar da fiye da 300 tun daga shekarar 2000: na koren shayi, na dankalin Hausa mai launin shunayya, na wasabi, wani yajinsu mai hawa hanci, da sauransu. Dalili biyu ne. Sunan ya yi kama da wata jimla tasu, kitto katsu, mai nufin lalle za ka yi nasara, don haka iyaye suke ba 'ya'yansu shi lokacin jarrabawar shiga jami'a. Na biyu, mutumin Japan ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana, dole ya riƙo wa 'yan gida da abokan aiki abin da garin da ya je ya shahara da shi. Sai kamfanin Nestlé ya riƙa yi wa kowane yanki nasa, wanda ba a samu sai a can. Wannan ai tsaraba ce, babu wani bambanci da wanda ya je Agadas ya dawo da cuku, ko wanda ya sauka daga Makka da dabino da bagaruwa.

A arewacin Turai kuma akwai abin da ke korar baƙo da gudu. Mutanen Finlan da Suwidin da Holan suna shan wata baƙar alewa, 'yan Finlan suna ce mata salmiakki, wadda ake haɗawa da wani gishiri mai kaifi da yake tsinkar harshe. Daga kantin magani ta samo asali, a matsayin maganin tari, har yara suka saba da ita ta koma abin marmari. A Jamus, mai ƙarfin cikinta sai an rubuta a jikin leda cewa ta manya ce, ba ta yara ba. Kafin mu yi musu dariya, mu tuna da goro. Ba wa Bature ɓarin goro ka ga yadda zai yi da fuska, alhali dattijo a nan zai hana kansa abin karin kumallo ya saya. Akasin haka ma yana faruwa. Amurkawa suna da wani lemon kwalba da alewoyi masu ƙamshin wani ganye, wanda sinadarinsa shi ne ake sawa a man zafi na shafawa. Wanda ya fara sanin ƙamshin nan a ranar da aka murza masa targaɗe, har abada magani zai riƙa ji a bakinsa. Mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano a hanci yake, shi ya sa mai mura yake cewa abinci ya yi masa salam, hanci kuwa ba ya mantuwa da inda ya fara haɗuwa da abu.

Addini yana da nasa hannun. A Indiya doka ta sa kowace ledar abinci ta ɗauki alama, koren ɗigo in babu nama a ciki, kuma manyan kayan ƙwalamarsu na garin wake ne da shinkafa da masara, irin su bhujia na garin Bikaner da Kurkure da PepsiCo ya fitar a 1999. A Indonesiya, farkon 2001, an janye Ajinomoto daga kasuwa bayan majalisar malaman ƙasar ta gano an yi amfani da wani sinadari mai alaƙa da alade a wani mataki na sarrafa shi. Ranar da aka ce abu ba halal ba ne, daɗinsa ya ƙare a bakin Musulmi ko da bai canza ba.

Akwai abin da yake damuna a duk wannan. Kamfanonin nan suna kwaikwayon tukunyar gida, gaskiya ne, amma abin da suke ɗora kwaikwayon a kai iri ɗaya ne ko'ina: gari, mai, gishiri, sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a matsakaicin lissafi abin da mutanen duniya suke ci ya ninka haka. Meziko, wadda na yaba wa harshenta a sama, ta kai inda a 2014 ta sa harajin kashi 8 cikin 100 a kan irin waɗannan kayan ciye-ciye, a 2020 ta tilasta buga baƙin tambarin gargaɗi a gaban leda, jihar Oaxaca kuma ta hana sayar wa yara su gaba ɗaya a shekarar. In harshe tun yana ƙarami yake koyo, to yaron da ake tura wa makaranta kullum da biskit da lemon kwali, ana koya masa wani layin zaƙi da gishiri ne wanda goruba da magarya da ɗinya ba za su taɓa kaiwa ba. Na sha ganin yaran birni an miƙa musu dakuwa sun juya ta a hannu sun ajiye.

Ba wai namu ba shi da laifi ba. Alewa sukari ce, kuma man da aka soya awara da shi sau biyar ba abin alfahari ba ne. Amma dafaffiyar gyaɗa, da gurjiya, da aya, da rogo da ƙuli, da zogale da aka kwaɗanta, abinci ne na gaske da yake riƙe ciki, kuma kuɗinsa a unguwa yake tsayawa, a hannun matar da ta daka. Yajin tsire kuwa ya riga ya yi suna har inda ba mu kai shi da kanmu ba. A Legas da Accra da Yaounde Bahaushe ne yake tsaye bayan tukuba, a Landan da Houston ana sayar da garin a ƙananan kwalabe da sunan suya, har masu dafa abinci na can suna barbaɗa shi a kan kaza da dankali. Ƙuli-ƙuli ne da barkono da citta da ɗan gishiri, abin da ake dakawa a turmi a kowane lungu na Kano, a ƙulla a farar leda marar suna, a ba yaro ya kai wa mai nama kafin magariba.